Sau Ɗaya Ake Gaida Mai Rai

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, da ƙarfe shida da minti ashirin na safe, ina da shekara saba'in da ɗaya da wata huɗu a duniya, na sunkuya zan ɗauki jarida a bakin ƙofa, sai garin Andong ya kife da ni. Ban ƙara gishiri ba. Ƙofa ta koma inda rufi yake, rufi ya gangara hagu, takalmana suka shiga zagaya ni. Na yi amai sau huɗu kafin motar asibiti ta iso, sau biyu a cikinta. Na ƙirga ne domin shekara talatin da shida na yi ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma wanda ya yi wannan aikin, ko mutuwa zai yi sai ya duba agogo.

Masu karatu, ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: sunana Maeng Gicheol, matata ta rasu shekara tara da suka wuce, kuma ina son wata baiwar Allah mai suna Tak Okbun, mai shekara sittin da shida, wadda ke sayar da kifin gishiri a tsohuwar kasuwa. Shekara biyu na yi ina sayen kifinta duk Alhamis. Ba na cin kifin gishiri, likita ya hana ni tuntuni. Maƙwabtana ne suka ci moriyar soyayyata. Ranar da na yi ƙarfin halin faɗa mata abin da ke raina, ta goge hannu a jikin ƙyallen gabanta, ta ce, "Malam, ai na sani tun bara. Amma ni ina da uwa. In Iya ta ce to, na ce to. In ta yi shiru, ka ci gaba da sayen kifi."

Iya shekararta casa'in da uku. Muka tsayar cewa zan je mata gaisuwar sabuwar shekararmu ta lissafin wata, in nemi 'yarta a gaban kowa. Kwana goma sha ɗaya bayan wannan magana duniya ta kife.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, aka ce ba shanyewar jiki ba ce. Likita ya yi mini bayani: a can cikin kunne akwai wata jijiya da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Ta kunnena na hagu ce ta kumbura. Ji ina ji sarai, tsayuwa ce ta gagara. Bayan kwana uku ya sallame ni, ya ce in riƙa tafiya, in riƙa motsa kai. 'Yata Yeonhui, wadda ta taso daga Daegu a gigice, ta ji maganar da kunnenta, amma da muka isa gida sai ta shimfiɗa mini katifa, ta ce, "Baba, wane irin motsi? Mutum yana jiri a ce ya yi yawo? Ka kwanta kawai." Ni kuma duk lokacin da na juya kai sai ɗakin ya bi ni, don haka na ga hankali a maganarta. Kwana goma sha tara na yi kwance, wuyana a miƙe kamar gunki, ina haɗiyar maganin jirin da aka ce in sha na kwana uku kacal.

A cikin waɗannan kwanaki ne Manbok, ƙanin Okbun, ya zo duba ni da kwalin 'ya'yan itace. Ya tarar da ni ina bin bango zan shiga banɗaki. Ya yi mini sannu har sau uku, da irin muryar da ake yi wa wanda ba a sa ran zai kai bazara. Washegari wayata ta yi ƙara, saƙo ne daga Okbun.

"Malam ka ci abinci?"

Na rubuta mata amsa mai layi tara, da waƙafi da aya. Ta maido:

"Manbok ya kai wa Iya labari. Wai ba ka iya tsayuwa."

"Me kuma ya ce?"

"Wai na yi jinyar miji shekara shida, ina jinyar Iya, zan ƙaro na uku."

Na daɗe ina kallon wannan layi. Maganar ta yi zafi ne saboda ba ƙarya ba ce. Na rubuta, "Iya fa, me ta ce?"

"Ta ce ba ta karɓar labari. Ka zo gaisuwa ta gani da idonta."

Jama'a, a nan ne na tashi zaune, ɗakin ya juya, na koma na kwanta, na sake tashi. Ranar Laraba, 6 ga Disamba, na tilasta wa Yeonhui ta kai ni sashen gashi da motsa jiki na asibiti.

Matar da aka haɗa ni da ita ta dubi takardata, ta dube ni, sai ta rusuna. "Malam Maeng! Ba ka gane ni ba?"

"Eom Jeongsuk," na ce. "Ajin 1996, layi na uku, kusa da taga. Ke ce kika rubuta cewa an ƙirƙiro haruffanmu a 1543."

"Shekara ɗari kacal na ƙara, Malam, ka cire mini maki goma!" Ta yi dariya har da tafa hannu. "To yau ka shigo ajina. Wa ya ce ka kwanta kwana goma sha tara?"

Yeonhui ta shiga duba jakarta.

Malama Eom ta zaunar da ni a bakin gado. "Kai ka koya mana cewa idan majiya biyu suka saɓa, ba a rufe littafi, ana ajiye su gefe da gefe ne har a gane wadda za a dogara da ita. Kunnenka na dama yana faɗin gaskiya, na hagu ya raunana. Ƙwaƙwalwarka za ta koyi aiki da abin da ya rage, tare da ido da tafin ƙafa, amma sai ta ji saɓanin da kanta, sau da yawa. Kai kuwa ka rufe mata littafi. Jirin nan da kake gudu, shi ne darasin."

Ban taɓa jin ɗalibata ta yi magana mai ma'ana irin wannan ba, kuma na gaya mata haka.

Ta ba ni farin kati, ta ce in rubuta harafi ɗaya babba, in riƙe shi a gabana, in kafa masa ido, in riƙa juya kai dama da hagu na minti ɗaya ba tare da harafin ya ɓace mini ba. Na rubuta harafin farko na sunan Okbun. Malama Eom ta leƙa, ta ɗaga gira. A daƙiƙa goma sha biyar na nemi robar amai. Ta miƙo mini, ta jira, ta ce, "Idan jirin ya kai huɗu ko biyar cikin goma, daidai ne, ka tsaya ya lafa ka ci gaba. Idan ya wuce haka ka huta. Saura daƙiƙa arba'in da biyar."

Haka muka yi. Kati a zaune, kati a tsaye. Tsayuwa a kan soso mai kauri, ido buɗe, daga baya ido rufe, tana bayana da hannunta kusa da ƙuguna. Tafiya a baranda, dunduniya tana taɓa yatsu. A mako na biyu na daina bin bango. A mako na uku na ratsa kasuwa ina juya kai ina karanta allunan shaguna kamar yadda ta umarta, na isa rumfar Okbun da ƙafata, ba sanda. Okbun ta saki wuƙa a kan katako, ta ce, "Kai! Malam!" Sai ta tuna da mutane, ta ce, "Guda nawa za a ba ka?" Na ce biyar. Ban taɓa sayen biyar ba.

A ƙarshen Disamba na gaya wa Malama Eom gaskiyar abin da ya kawo ni. Ta yi dariya har ta zauna a kan soson, sannan ta nutsu, domin ita ma ta san girman abin. Babbar gaisuwa ba rusunawa ba ce. Namiji yakan ɗora hannun hagu a kan na dama, ya ɗaga su daidai ido, ya sunkuya ya dafa ƙasa, ya sauke gwiwar hagu sannan ta dama, ya kai goshi bayan hannu, ya ɗan dakata, sannan ya miƙe da ƙafar dama. Wato duk motsin da ke tayar mini da jiri an tattara shi wuri guda.

"Ba faɗuwar nake tsoro ba," na ce mata. "Idan na miƙe jiri ya maido ni ƙasa a kan hannuwana, me mutane za su gani?"

Ta rufe baki da hannu. "Gaisuwa ta biyu."

A al'adarmu, mai rai sau ɗaya ake gaishe shi. Sau biyu na mamaci ne, a gaban gawa ko kabari ko hoto. Ka yi wa tsohuwa mai shekara casa'in da uku sau biyu a ɗakinta, a farkon shekara, kamar ka ce mata ta tattara kayanta ne.

"To za mu yi ta yi har jikinka ya daina neman shawararka," in ji ta. Ta rarraba gaisuwar gunduwa-gunduwa, muka yi kwana goma sha biyu a haka. Ta koya mini dabara guda: kafin in sunkuya in zaɓi abu ɗaya a bango, idan na ɗago in mayar da idona kansa, kada in saki. Daga 8 ga Janairu na fara cikakkiyar gaisuwa, goma a jere, sau uku a rana. Tana ƙirgawa da irin muryar da nake kiran suna da ita a aji. "Ɗaya. Tashi. Kada ka tsaya tunani, Malam, koma. Biyu." A gida ni nake ƙirga wa kaina, ina gaida kalandar bango. Kwana talatin da huɗu, sau talatin a kowace rana. Ku riƙe wannan lissafi.

Ranar Lahadi, 11 ga Fabrairu, 2024, washegarin sabuwar shekararmu ta gargajiya, kwana tamanin da tara da kifewar duniya, na tashi kamar ɗan shekara ashirin. Na sa wando mai ruwan toka, na ɗaure bakinsa a idon sawu, na sa 'yar ciki fara, na ɗora doguwar rigar sama shuɗiya wadda ban taɓa ba tun auren Yeonhui. Sau huɗu na kwance igiyar ƙirji na sake ɗaurawa. Saƙon Okbun ya shigo:

"Kada ka sa safa mai santsi. Jiya na goge ɗakin."

"Na sa mai kauri. Yaya Iya ta tashi?"

"Tun asuba ta sa aka yi mata gyaran kai. Manbok ya zo da matarsa. Kada ka yi dogon jawabi."

Gidan tsohon gini ne mai rufin tayil a bayan gari. Okbun ta tarye ni a tsakar gida cikin riga ruwan hoda da siket mai duhun kore, ba ƙyallen kifi, ba takalmin roba. Na kusa neman abin da zan kafa wa ido tun a nan. Ta raɗa mini, "Fuskarka ta yi ja." Na ce sanyi ne.

Ɗakin yana da ɗumi daga ƙasa, daɓen yana sheƙi, ƙamshin miyar wainar shinkafa yana shigowa daga madafa. Iya tana zaune a kan matashi, 'yar mitsitsiya, cikin kaya masu launin ganye, gashinta fari tas an naɗe shi da tsinken azurfa. Manbok yana gefen dama, hannu a harɗe. Matarsa tana bakin ƙofa da faranti. A bango, daidai saman kan Iya, ga hoton marigayi mijinta da baƙar hula da tabarau. Na ce a raina, madalla, ga abin da zan kafa wa ido.

"Iya," na ce, "na zo gaisuwa. Shekarar nan ta zo miki da lafiya da alheri mai yawa."

Na ɗora hagu a kan dama. Na sunkuya. Gwiwar hagu, gwiwar dama, goshi. Na dakata. Na ɗago, idona ya kama tabarau na tsohon, na miƙe.

Masu karatu, ɗakin bai motsa ba! Ko kaɗan! Bango yana wurinsa, Iya tana wurinta, ni ina tsaye a kan ƙafafuna kamar an dasa ni. Wani farin ciki ya taso mini daga ciki har wuya. Na ji kamar in yi ihu, in kira Malama Eom, in kira likita, in kira maƙwabtan da suka ci kifi. A cikin wannan murna na ji wata murya a kaina ta ce, ɗaya, kada ka tsaya tunani, koma.

Sai da goshina ya taɓa bayan hannuna na gane abin da na yi.

Cokali ya faɗo daga faranti. Na ji Okbun ta ja numfashi. Manbok ya daka tsawa, "Malam! Uwata da ranta!"

Ban ɗago ba. Ina zan kai fuskata? Kwana sittin da bakwai na yi ina tsoron jiri zai ja ni ƙasa, ashe lafiya ce za ta ja ni. Jikina ya daina neman shawarata, kamar yadda aka yi mini alkawari. Ina nan durƙushe, jini yana taruwa a kaina, kunnuwana suna zafi, na ji Manbok yana cewa, "Yaya, kin gani ko? Ba jiki kaɗai ba ne, har kan ma..."

"Manbok." Muryar Iya siririya ce, amma ta yanke tasa. "Rufe bakinka, ka cika mini kunne. Da mutumin nan ya miƙe, wa ya kalla?"

Ta nuna ƙirjinta da yatsa.

"Ni ya kalla? Ina zaune a nan, idona biyu. Babanku ya kalla. Tawa ɗaya ce, ya ba ni, na karɓa. Wannan ta tsohon ce. Mutum ya zo neman 'yar mutum, ba zai gaida ubanta ba?"

Manbok ya ce, "Iya, ai ba a haɗa..."

"A gidanka. Nan gidana ne." Sai ta juyo kaina. "Malam, tsohon nan sau biyu yake karɓa, kuma bai taɓa yafe haƙƙinsa ba tun yana raye. Saura ɗaya. Ko ba za ka iya ba?"

Na ɗago. A wannan karon jirin ya zo da gaske, saboda daɗewar da kaina ya yi a ƙasa da kuma firgita. Bango ya karkata hagu, hoton ya fara zamewa. Shida cikin goma, in ba bakwai ba. Na dafa gwiwar dama na miƙe, na kafa ido a kan tabarau ɗin, na buɗe ƙafafuna kaɗan, na danna yatsuna a daɓen mai ɗumi. Na ga hannun Okbun ya taso zai kama ni, na ga Iya ta ɗaga yatsa ɗaya ta tsayar da ita. Na jira. Biyar. Huɗu. Tsohon ya koma daidai a bangonsa. Na ɗora hannu a kan hannu, na sauka, na kai goshi, na miƙe, na ɗan rusuna kamar yadda ake rufe gaisuwar mamaci, sannan na zauna a kan gwiwoyina a gaban Iya. Gumi yana bin bayana har cikin wando.

Da na bar maganar a haka, da an tashi lafiya. Amma shekara talatin da shida ina hana yara rubuta abin da bai faru ba.

"Iya, ki gafarce ni. Ba marigayi na yi niyyar gaisarwa ba. Kuskure ne. A asibiti goma-goma ake sa ni yi, jikina ya saba."

Okbun ta runtse ido.

"Na sani," in ji Iya. "Kana tsammanin shekara casa'in da uku barci na yi? Sau nawa ka yi abin nan?"

"Sau dubu ɗaya da ashirin."

"Wa kake gaisarwa?"

"Kalanda."

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta rufe baki da bakin hannun riga, dariya tana fita ta hanci, har Okbun ta matso tana shafa mata baya. Da ta sarara ta dubi ɗanta. "Kai kuma jiya sau ɗaya ka yi mini, gwiwarka tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai da matarka ta ɗago ka. Wa za a yi jinya a nan?"

Manbok ya dubi rufi. Matarsa ta sunkuya neman cokalin da ta riga ta ɗauka.

Bayan gaisuwa, babba yakan yi wa ƙarami fatan shekara, kuma tsofaffin da suka san ka'ida sukan faɗe shi kamar abin ya riga ya faru. Kowa yana jira. Iya ta gyara zama, ta daidaita tsinken kanta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Maeng, na ji an ce bana jiri ya rabu da kai." Ta dakata, ta kalli 'yarta. "Na kuma ji an ce ka daina sayen kifi."

Okbun ta tashi da sauri ta shige madafa, wai miya za ta ƙone. Miyar an sauke ta tun kafin in iso. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Manbok ya turo mini ƙaramin tebur da ƙafarsa, ya ajiye kwano a kai, ya ce, "Ci, Yaya, kafin ta huce." Sau ɗaya ya faɗi kalmar, a ciki-ciki, amma kunnena na hagu ma ya ji.

Da na kai wa Malama Eom labari ranar Laraba, ta cire wa kanta maki goma, ta kuma rubuta a takardata cewa daga yau in riƙa tsayawa daƙiƙa biyar tsakanin kowace gaisuwa. Jirin bai tafi gaba ɗaya ba. Har yanzu yakan taɓa ni idan na waiwaya da sauri a cikin cunkoso, kuma ina yin kati duk safiya, da harafin nan dai.

Ranar Asabar, 20 ga Afrilu, 2024, muka yi aure a gaban mutum ashirin da uku. Iya ta zauna a gaba, a kan matashinta. Na gaishe ta sau ɗaya.